Matse bidiyon tsohon kaset: H.264 ko H.265?

Ɗan'uwa, ka ce ka kwafe kaset-kaset na VHS zuwa kwamfuta, kowace sa'a ɗaya ta cinye maka kusan gigabait 13, kuma kana son sanin wanda ya fi dacewa ka rage girman fayilolin da shi tsakanin H.264 da H.265. Wannan adadi ya nuna cewa na'urarka da tsarin DV take kwafa, wato wani tsarin ajiye bidiyo na dijital, wanda ke kashe megabit 25 a kowace daƙiƙa a kan hoto kaɗai. Ba laifin na'urar ba ne, haka aka gina tsarin, domin yana ajiye kowane hoto cikakke ba tare da ya jingina da na gabansa ba.

H.264 ya fito a shekarar 2003, H.265 kuwa a 2013, kuma dukansu dabara ɗaya suke bi: su ajiye cikakken hoto jifa-jifa, sannan a tsakani su rubuta abin da ya canza kawai. An ƙera H.265 da burin ya ba da inganci iri ɗaya a kusan rabin girman fayil, amma wannan fifiko ya fi bayyana a manyan hotuna masu tsabta irin na 4K. Hoton kaset ƙarami ne, ɗigo 720 a 576 idan na tsarin talabijin na PAL ne, ko 720 a 480 idan na NTSC ne, don haka ratar da ke tsakanin H.264 da H.265 tana raguwa sosai. Ban da haka, H.265 ya fi ɗaukar lokaci wajen matsewa, idan an takura masa ya rage girman fayil fiye da kima yana shafe ƙananan siffofi har fuska ta koma sumul, kuma akwai tsofaffin talabijin da wayoyi da ba sa buɗe shi. H.264 kuwa da wuya ka sami na'urar da za ta ƙi shi. A ganina, bidiyon da za a rarraba wa dangi ya fi dacewa da H.264, shi kuma H.265 sai idan kaset ɗin suna da yawa ƙwarai, wurin ajiya ya yi kaɗan, kuma ka tabbata na'urorin da za a kalla a kansu suna karɓarsa.

Sai dai abin da ya fi tasiri a kan girman fayil ba zaɓin tsarin ba ne, ɗige-ɗigen da ke yawo a hoton kaset ne. Su waɗannan ɗige-ɗige suna sauya wuri daga hoto zuwa hoto, manhajar matsewa kuwa ba ta bambanta su da motsi na gaske, sai ta yi ta kashe bayanai wajen adana abin da ba mai son gani. Haka nan layin da ke karkarwa a can ƙasan hoto, wanda ke faruwa lokacin da kawunan karatu biyu na na'urar bidiyo suke karɓar aiki daga juna. Tsofaffin talabijin suna ɓoye shi a bayan gefen allo, amma kwamfuta tana nuna shi. Idan ka rufe ko ka yanke waɗannan 'yan layuka, sannan ka kunna NLMeans, matatar da ke rage ɗige-ɗige, a mataki mai sauƙi cikin manhajar matse bidiyo ta HandBrake, fayil zai ragu ko da wane tsari ka zaɓa. Kada ka tsananta tacewar, domin da ma VHS ba ya ɗauke da siffofi masu yawa, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

Akwai kuma batun saƙar layuka. Kaset na PAL yana ɗaukar rabin hoto sau 50 a daƙiƙa, layuka na mara sannan na cika, shi ya sa gefen abu mai motsi yake fitowa kamar haƙoran mataji a allon kwamfuta. Ka warware saƙar kafin matsewa da matatar Yadif ko Bwdif da ke cikin HandBrake, ka kuma zaɓi yanayin da ke fitar da hoto 50 a daƙiƙa domin motsi ya zauna yadda yake a kaset. Ka bar fasalin a 4:3, kuma kada ka faɗaɗa shi zuwa layuka 1080, ƙarin nauyi ne kawai.

Wajen lissafi, megabit 1 a daƙiƙa yana ba da kimanin megabait 450 a sa'a, ke nan H.264 a megabit 3 zai mayar da gigabait 13 ɗinka zuwa ƙasa da ɗaya da rabi, har da sauti idan ka matse shi da tsarin sauti na AAC. Amma maimakon ƙayyade adadin megabit, ya fi kyau ka sa ma'aunin inganci na HandBrake, wato RF, tsakanin 18 da 22, ka gwada a kan minti biyar na wurin da ke da duhu da motsi, tun da a nan ne lahani yake fara bayyana. Fayilolin DV na asali kuwa ka kwashe su zuwa wani rumbun ajiya na waje kada ka goge, domin duka tsarin biyu zubar da bayanai suke yi, kuma kaset ɗin da na'urorin da ke karanta su suna ƙara lalacewa.