Firijin rigakafi na sola marar batir: yadda na same shi a asibitinmu

Salam 'yan uwa ma'aikatan lafiya, musamman na ƙauye irina. Ana ta tambayata a kan firijin sola da aka kafa mana a ƙaramin asibitinmu nan gefen Haɗeja, wai yana aiki kuwa? Yana yi wallahi, ni dai na yaba, amma fa akwai ƙorafi kuma zan faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba shi da batir ko ɗaya. Duk wanda ya yi aiki da tsofaffin na sola ya san batir ne ke fara mutuwa, zafin bazara ya dafa shi ko wani ya jona waya a jikinsa yana caji, shikenan aiki ya tsaya ana jiran kuɗin sabo. Wannan kuwa wutar fanel kai tsaye take shiga injin, da hantsi ya ɗaga za ka ji ya tashi, ya daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, ita wannan ƙanƙarar ce ke riƙe sanyi har gari ya waye, ko an wuni ana hadari ba rana ma ba ya saki. Injiniyan da ya yi tunanin a ajiye sanyi maimakon a ajiye wuta Allah ya saka masa da alheri, ya san halin da muke ciki.

Kun dai san ƙa'ida, sanyin cikin firijin ya tsaya tsakanin digiri 2 zuwa 8, kuma safe da yamma nake dubawa ina cike takardar da ke manne a jikinsa, ban ga ya fita ba ko a Afrilu da zafi ke haura 40. Wasu suna ɗauka zafi ne kawai matsala, a'a, allurar Penta (mai kare cututtuka biyar) da Td (ta tetanus da mashaƙo) da ta ciwon hanta in suka daskare sun lalace, kuma ɗan tambarin nan na jikin kwalba da ke yin duhu in zafi ya taɓa shi ba zai nuna maka daskarewa ba, sai dai ka yi gwajin girgizawa, wato ka girgiza kwalbar ka ga yadda maganin ke kwanciya. Shi wannan an raba inda ƙanƙara take da inda kwandunan allurai suke, to hankalina a kwance yake.

A da sai ranar rigakafi ake hawa babur da kula a ɗauko daga ƙaramar hukuma, abin da ya rage a mayar, in damina ta yi ƙarfi hanya ta yanke kuma sai haƙuri, iyaye mata su zo da goyo su zauna su koma haka nan. Yanzu mace ta haihu cikin dare jaririnta na samun allurar rigakafin ciwon hanta kafin awa 24 ta cika, da ɗigon foliyo, kafin ma a sallame ta. Wannan kaɗai ya ishe ni.

To ga ƙorafin. Na farko ya yi mana kaɗan. An ƙaro ta rota (ta gudawar yara) a 2022, ga ta HPV (ta sankarar bakin mahaifa) ta 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 da aka fara a Oktoba 2023, ga ta maleriya an soma a Kebbi da Bayelsa a ƙarshen 2024, alluran ƙaruwa suke yi kullum amma cikin firiji bai ƙaru ba, lokacin kamfen sai ka ga muna ta dabarar jera kwali. Sai ƙura, da hunturu fanel kan yi fari fat, in ba a hau an goge da tsumma mai laushi ba injin ya kan makara wajen tashi, kuma an kafa su can sama ba tsani ba komai.

Wanda ya fi ci min rai shi ne gyara. Allon da ke nuna lamba ya taɓa ɗaukewa, abu ɗan ƙarami, amma duk yankin ba wanda ya iya taɓa shi, sai da muka daɗe muna jiran mai gyara daga birni muna lallaɓawa da ma'aunin hannu. Alhali ga yaranmu nan suna karatun lantarki a kwalejojin kimiyya da fasaha na Kazaure da Dutse, me zai hana a koya musu wannan aikin a ajiye musu kayan gyara a kowace ƙaramar hukuma? Sannan da rana tsaka in ƙanƙara ta gama haɗuwa sauran wutar fanel ɗin a banza take tafiya, ɗakin haihuwa kuma da dare da tocila ungozoma ke karɓar haihuwa, don Allah injiniyoyi a duba wannan.

In za a kafa muku ku tsaya a wurin da kanku, kar a sa fanel inda inuwar darbejiya za ta rufe shi da yamma, ku karɓi takardar garanti da lambar mai gyara a hannu, kuma ku sa kwamitin unguwa ya ware wanda zai riƙa gogewa tun ranar farko.