Sharhi kan manhajar lissafin wa'adin ɗaukaka ƙara

Manhajar da nake magana a kai aikinta ɗaya ne: ka zaɓi kotu, ka shigar da ranar da wa'adi ya fara gudu, ita kuma ta fitar maka da ranar ƙarshe ta shigar da rubutattun hujjoji, ta riƙa tunatar da kai ta waya da imel. Na yi aiki da ita a kan ƙararrakin da ke hannuna, kuma a wajen lissafi ban same ta da laifi ba.

Ta san dokokin da ta ɗauko. A Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Najeriya, bisa ƙa'idojin 2021, tana ba mai ɗaukaka ƙara kwana 45 daga ranar da ya karɓi kundin shari'ar, wato takardun shari'ar da aka yi a kotun ƙasa, ɗaya ɓangaren kwana 30, sai kwana 14 na mayar da martani. A kotunan ɗaukaka ƙara na tarayyar Amurka kuwa kwana 40 ne, da 30, da 21, kuma idan ranar ƙarshe ta faɗo Asabar ko Lahadi ko ranar hutu, tana matsar da ita zuwa ranar aiki ta gaba. Duk wannan daidai yake.

Inda gizo ke saƙar shi ne ranar farko. Manhajar ba ta tambayar ka daga ina ka samo ranar. Akawun ofis zai iya shigar da ranar da kundin ya iso teburin lauya, alhali an sa hannu a kan takardar karɓa mako guda kafin nan. Lissafi zai fito tsaf, amma da ratar kwana bakwai, kuma ɗaya ɓangaren na da damar neman a kori ƙarar saboda rashin bibiya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa korar da aka yi saboda rashin shigar da hujjoji ta ƙarshe ce, ba a dawo da ƙarar. Mutum ya rasa shari'arsa ke nan ba tare da alƙali ya duba ko yana da gaskiya ba. Ya kamata a ce manhajar ta tilasta ɗora hoton takardar karɓa kafin ta fara ƙirga.

Haka kuma ba ta ganin umarnin kotu. Idan alƙalai suka rage wa'adi ko suka tsara nasu jadawalin, sai ka gyara da hannu, kuma gyaran ba ya sauya ranakun da ke biye da shi.

Tunatarwarta ta farko tana zuwa saura kwana bakwai. Ya yi kaɗan ga wanda zai karanta kundi mai ɗaruruwan shafuka. Na mayar da tawa saura kwana 21, da 14, da 5. Ta saura kwana 5 ɗin ita ce ranar yanke shawara: in rubutu bai kammala ba, a shigar da buƙatar ƙarin lokaci tare da takardar rantsuwa mai bayyana dalilin jinkiri, tun wa'adin bai cika ba.

Ina ba da shawarar amfani da ita, da sharaɗin lauyan da ke riƙe da ƙarar shi zai tabbatar da ranar farko da idonsa, wani kuma ya sake ƙirgawa a kalanda.