Takardar shaida ta Gaydon ga masu motar MGB

Gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila na ba da takardar shaida daga ainihin rajistar masana'antar kamfanin MG da ke garin Abingdon, inda aka ƙera motar MGB daga 1962 zuwa 1980. Ka aika lambar cesis, su fito maka da ranar ƙira, launin fenti na asali da inda aka tura motar. Aikin ya cancanci kuɗinsa.

Amma mota ɗaya kawai takardar take tabbatarwa. Mai neman jimillar motocin da aka ƙera kada ya debe lambar cesis ta farko daga ta ƙarshe: buɗaɗɗiya, wadda lambarta ke farawa da GHN, da GT mai rufi, wadda tata ke farawa da GHD, jerin lamba ɗaya suke bi, kuma an riƙa tsallake lambobi wajen shiga sabon samfuri. Waɗanda aka haɗa a Ostiraliya kuwa lissafinsu daban ne.