OperaVision: dandalin koyon opera da ba ya cin ko kwabo

Opera wasan kwaikwayo ne da ake rerawa da kiɗa. Ƙungiyar gidajen opera ta Turai, Opera Europa, ce ta buɗe shafin intanet na OperaVision a 2017 da tallafin Tarayyar Turai. Ana ɗora cikakkun wasanni daga gidajen opera daban-daban, kyauta, da fassara a ƙasan allo. Ga mai nazarin tarihin wannan fanni, ban ga abin da ya kai shi amfani ba, domin opera ba waƙa ce kaɗai ba. Sai ido ya ga yadda mawaƙi ke motsi da labarin a kan dandamali.

Sai dai yadda aka kalla shi ne komai. A fara karanta taƙaitaccen labarin wasan kafin a kunna, in ba haka ba ido zai maƙale a kan fassara, kunne ya yi barci. Sannan a koyi raba abu biyu: rasitatif, wato magana cikin rera, inda labari ke tafiya da sauri, da ariya, inda labari ke tsayawa cak mawaƙi ya zube abin da ke ransa. A wasannin zamanin Handel, mai tsara kiɗa na ƙarni na 18, ariya kashi uku ce: na farko, na biyu, sai a koma na farkon. Sabon shiga kan ɗauka maimaici ne ya tsallake. Babban kuskure ke nan, don a komawar ce mawaƙi ke yi wa waƙar ado da ƙwarewarsa.

A bi tarihin masu tsara opera daki-daki gwargwadon abin da ke akwai: Monteverdi, wanda aka fara nuna L'Orfeo ɗinsa a Mantuwa ta Italiya a 1607, sai Mozart, sai Verdi, wanda aka fara Aida ɗinsa a Alƙahira a 1871. A bar Wagner sai kunne ya nuna. Jerin wasanninsa mai suna Ring kaɗai kusan awa 15 ne.

Lasifikar waya tana haɗiye muryoyi masu kauri da manyan goge, don haka a sa abin kunne. In data ta yi ƙaranci, a sauke hoto zuwa 480p. A kuma sani cewa a zaure mawaƙan ba sa amfani da makirfo, ɗaukar sauti ce ke matso da muryarsu kusa.

Yawancin wasannin wata shida suke yi a sauke su. Wanda ke cikin jerin karatunka, duba ranar ƙarewarsa tun yau.