Sikelin da ke cewa yana auna ƙashi: abin da na gani

Sikeli ne na gilashi mai faranti huɗu na ƙarfe. Ana hawa babu takalmi, ya tura sakamako zuwa waya: nauyi, kitse, tsoka, ruwan jiki, sai layi na ƙarshe, nauyin ƙashi. Saboda wannan layin na saye shi. Jinin al'ada ya ɗauke mini, kuma na daɗe ina shan prednisolone, maganin rage kumburi, ga shi duka biyun suna zaizaye ƙashi mutum bai ji komai ba.

Wajen nauyi ba ni da ƙorafi. Yana da sauri, lambobinsa manya, in na sauka na sake hawa abu ɗaya yake ba ni.

Na ƙashi kuwa, da sake. 'Yar wutar lantarki yake turawa, wadda ba a ma jin ta, ta shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar, sai ya auna yawan turjiyar da ta tarar. Ita wuta ruwa take bi, don haka tsoka take ratsawa, ƙashi kuwa kusan kewaye shi take yi. To ta ina sikelin ya san ƙashina? Lissafi kawai yake yi da tsawo da shekaru da jinsi da nauyi. Na ƙara tsawona a manhajar don in gwada, nan take ƙashina ya ƙaru. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ƙashi sai ya yi watanni kafin ya canza.

Ba na musun cewa ƙashi yana da alaƙa da lantarki. Tun 1957 masu bincike Fukada da Yasuda a Japan suka nuna yana fitar da caji in an matsa shi, kuma masana na ci gaba da neman hanyar gano zaizayewarsa ta wannan fuska. Sikelin nan dai bai kai can ba.

Da likita ta tura ni hoton DXA, wato hoton asibiti mai auna ƙarfin ƙashi, ƙugu da ƙashin baya aka duba, inda karaya ta fi muni. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1994, maki -2.5 zuwa ƙasa zaizayewa ce sosai, tsakanin -1 da -2.5 kuma ƙashi ya fara raguwa. A wannan tsakanin na faɗo, alhali manhajar kullum kore take nuna mini, wai lafiya lau.

Mai son bin nauyinsa zai ji daɗinsa. 'Yar'uwa mai hali irin nawa, ki tambayi likita batun DXA. Wanda aka dasa wa na'urar daidaita bugun zuciya kuma, kada ya hau shi sam.