Gargaɗi kan masu tallar buɗe kwamfutar da ta kulle a Yamai

Jama'a, wannan saƙo na masu kwamfutar tafi-da-gidanka ne, musamman ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni, malaman makaranta da ƴan kasuwa masu ajiye lissafinsu a ciki. Akwai wasu da ke baza talla a WhatsApp da Facebook, wai suna buɗe kowace kwamfuta da ta kulle cikin minti 10, ko kana Yamai ko kana Tawa, ba sai kun haɗu ba. Macuta ne, kada a biye musu.

Ga inda suke samun ƙofa. Ka kunna kwamfuta, maimakon ta shiga Windows sai allo ya yi shuɗi, an rubuta BitLocker a sama, ga wani dogon gurbi yana jiran lambobi 48. Hankalin mutum ya tashi, ya ɗauka kwamfutar ta mutu. Alhali lafiyarta lau. BitLocker tsaro ne na kamfanin Microsoft da ke rufe duk abin da ke cikin ma'ajiyar kwamfuta don kada ɓarawo ya karanta, kuma sababbi da yawa masu Windows 11 a kunne yake a cikinsu, mai ita bai ma sani ba. Yakan nemi mabuɗi, wato lambobin nan, idan an taɓa BIOS (tsarin da ke fara tada kwamfuta kafin Windows ya buɗe), ko an sabunta shi, ko mai gyara ya canja wani abu a ciki. Lambobin nan 48 galibi suna ajiye a asusun Microsoft ɗin da ka shiga da shi ranar da aka fara kunna ta. Da wayarka za ka buɗe aka.ms/myrecoverykey, ka shiga asusunka, ka kwafe su. Ko dala ba a biya.

Wannan ne macutan suka sani, mu ba mu sani ba. Ɗiyar yayata tana tsakiyar rubuta kundin kammala karatunta abin ya same ta. Ta kira lambar da ta gani a talla. Mutumin ya yi mata magana cikin ladabi, har da "ƙanwata, kwantar da hankalinki", ya ce ta tura jika 15 kafin alƙalami, ta tura. Sai ya ce ta ba shi adireshin imel da kalmar sirrinta don ya ciro mabuɗin, bayan nan ya ce ta karanto masa ƴar lambar da ta shigo wayarta. Tana gama karantawa ya canja kalmar sirrin. Mabuɗin da yake nata, wanda da za ta ɗauka kyauta, ya koma hannunsa, ya ce sai ta ƙara jika 30. Da ta zo mini da kwamfutar a ƙunshe cikin ɗankwali idonta ya yi ja, abin da kawai take faɗi shi ne, "Kawu, babi huɗu ne a ciki." Har yau muna fama mu karɓo asusun, kuma hotunanta da wasiƙunta duk ya gani. Wannan ya fi kuɗin yi mini ciwo.

A riƙe wannan da kyau: ba a fasa BitLocker da wata dabara ta bakin titi. Ko Microsoft da kansa ba ya iya ƙirƙiro maka mabuɗin da ya ɓace. Saboda haka wanda ya ce kawo ta shago zai buɗe ba tare da lambobin ba, ku tambaye shi ƙarara: da kayana a ciki, ko babu? Abin da wasu ke yi shi ne su goge komai, su zuba sabon Windows, su miƙo maka ita tana walƙiya su ce an buɗe. Mai gyara na kirki, kuma muna da su da yawa a garin nan, zai faɗa maka tun farko cewa gogewa ce, ka zaɓa da kanka.

Haka ma saƙon da ke faɗowa bisa allo da ƙara, wai tsaron kwamfutarka ya ƙare ko an toshe ta, ka kira lamba kaza. Saƙon Microsoft na gaskiya ba ya zuwa da lambar waya. Idan ka kira za a ce ka sa manhajar AnyDesk ko TeamViewer, masu ba wani damar sarrafa kwamfuta daga nesa, daga nan wani na can nesa yana yawo cikin kwamfutarka kana kallo.

Masu sayen ta hannu kuwa, banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawan waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka tsofaffin na ma'aikatu ne, wasu da kullen BIOS a kansu. Kafin ka biya, a kunna a gabanka a shiga BIOS: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad. In ta nemi kalmar sirri mai sayarwa ya fara "ai ba komai, sai a cire ɗan batirin ciki", ajiye masa abinsa. A mafi yawan na zamani cire batirin nan ba ya goge kullen, kuma akwai masu sayar maka da ita haka, ka dawo su caje ka kuɗin buɗewa.

Wanda tasa ke aiki yanzu, don Allah ya duba mabuɗinsa yau, ya rubuta a takarda ya ajiye a gida, aikinsa mai muhimmanci kuma ya kwafe shi a wani wuri dabam. Kalmar sirri da lambar da ke shigowa waya ba a ba kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Wanda kuma aka riga aka cuta, kada kunya ta hana shi magana. Nijar tana da dokar yaƙi da laifukan intanet tun 2019. Ya ɗauki hoton hirar kafin macucin ya goge ta, ya haɗa da lambar wayar da takardar tura kuɗin, ya kai ƙara wurin ƴan sanda.