Ryzen 5 5600 a kan tsohon madabod B450: tana aiki sosai, amma kafin ta tashi sai da na ji jiki

Masu tambayata ko furosesar Ryzen 5 5600 ta kamfanin AMD, wato ɓangaren da yake sarrafa aikin kwamfuta, ta cancanci kuɗinta ga mai tsohon madabod (babban allon da ake jona kayan kwamfuta a kansa) mai soket AM4, wato gurbin da furosesa take zama, amsar ita ce eh ta cancanta, har da ƙari ma. Sai dai akwai maganar da mai shagon da na saya a wajensa bai faɗa min ba, kuma na lura masu sayar da kayan kwamfuta da yawa ba sa faɗa, wato soket ya yi daidai ba shi ne yake nufin kwamfuta za ta tashi ba.

Ni aikin haɗa bidiyon biki nake yi, kamu da dina da walima, kuma kwamfutar tawa Ryzen 3 2200G ce a ciki tun da aka haɗa ta, mai kwakwalwa 4, ga katin hoto GTX 1650 da na ƙara daga baya. Ta yi min hidima gaskiya ba zan ci amanarta ba, amma da mutane suka fara kawo bidiyon 4K daga wayoyinsu sai ta koma tana numfashi sama-sama, ka ja layin bidiyo gaba sai ta tsaya tana tunani, ga kuma Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma 2200G ba ta cikin jerin waɗanda Windows 11 ta amince da su. Ita 5600 kwakwalwa 6 gare ta, zare 12, wato kowace kwakwalwa tana ɗaukar aiki biyu lokaci guda, tana hawa har 4.4GHz, wuta kuma 65W ɗin nan dai da tsohuwar take ci, ke nan ba sai na canza fawa saflai ba. Na tambayi mai shago ko za ta hau B450, ya ce "Alaji ai AM4 ce, ɗorawa kawai za ka yi ka ci gaba da harkarka."

To na ɗora. Na daidaita ɗan alamar nan mai kusurwa uku ta zinare da ke gefen furosesa da wadda ke jikin soket, ta zauna da kanta ba tare da na danna ba, na sauke ɗan ƙarfen da ke kulle ta, na ɗaura fankar da ta zo a kwalin. Na danna makunni, fankoki duk suka tashi suna juyawa, fitilar cikin akwati ta kama, amma sikirin baƙi ƙirin, ko tambarin madabod bai fito ba balle a yi maganar Windows. Kibod ma ko fitilar Num Lock ba ta kawo ba. Wannan yanayin shi ya fi tayar da hankali wallahi, don da a ce ba ta motsa ba gaba ɗaya sai ka ce wuta ce, amma komai yana juyawa kamar lafiya lau kuma babu komai.

Abin da ya taimake ni shi ne wasu 'yan ƙananan fitilu guda huɗu da ke gefen madabod kusa da inda babban kebul mai fil 24 yake shiga, an rubuta CPU, DRAM, VGA, BOOT a jikinsu da rubutu ƙanana sai ka haska tocilan waya kafin ka karanta. A ka'ida suna kamawa ne ɗaya bayan ɗaya su mutu yayin da kwamfuta take duba kayanta, inda ta maƙale nan fitila za ta tsaya. Tawa a kan CPU ta tsaya ja, ko gezau. Duk da haka na bi sauran abubuwan da aka saba, na cire ram na bar guda ɗaya, na duba kebul mai fil 8 da ke can sama wanda yake ba furosesa wuta, na cire batirin nan mai kamar kwabo CR2032 na jira na mayar don BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin madabod, ya manta tsohon saiti. Babu abin da ya canza.

Wani mai gyara da nake hulɗa da shi a Beirut Road da ke Kano na kira, ban ma gama bayani ba ya katse ni ya ce "Malam yaushe rabonka da sabunta BIOS?" Bayanin nasa mai sauƙi ne. B450 a 2018 ya fito, su kuma Ryzen 5000 sai Nuwamba 2020 aka fara sayar da su, ita 5600 ɗin ma sai Afrilu 2022. BIOS shi ne yake fara gaisawa da furosesa kafin komai ya tashi, idan na shekarun baya ne to bai san ta ba kwata-kwata, kamar maigadi ne da aka ba shi sunayen mutanen gida tun da daɗewa, baƙon da ya zo daga baya ko da ɗan gidan ne ba zai buɗe masa ƙofa ba. A 2020 ma da farko AMD cewa ta yi B450 ba zai ɗauki wannan zubin ba, sai da mutane suka yi ca sannan ta janye, kamfanonin madabod suka fitar da sabon BIOS. Saboda haka tallafin yana nan, sai dai kai ne za ka saka shi da hannunka.

Nan ne kuma gizo yake saƙar, don kafin ka sabunta BIOS sai kwamfuta ta tashi, ita kuma ba za ta tashi da sabuwar furosesa ba. Wasu madabod suna da ɗan maɓalli a baya da zai yi aikin da filashi kawai ko babu furosesa a ciki, MSI suna ce masa Flash BIOS Button, Gigabyte Q-Flash Plus, ASUS kuma BIOS FlashBack. Nawa ba shi da shi. Allah ya taimake ni wanda ya yi cinikin tsohuwar 2200G bai riga ya zo ya ɗauka ba, da ya zo da sai dai aro ko in ɗauki akwatin gaba ɗaya a Adaidaita zuwa kasuwa.

Wajen cire fanka ku kula don Allah. Furosesar AM4 fil ɗinta a jikinta suke ba a jikin soket ba, man da ke tsakaninta da fanka kuma yana kama su gam, idan ka fizgo fanka tsaye sai ta taho da furosesar manne a ƙasanta alhali ƙarfen yana kulle, fil su lanƙwashe. Murɗawa ake yi a hankali dama da hagu har ta saki. Kuma a tanadi man shafawa na daban, don wanda ya zo a jikin fankar sau ɗaya yake amfani, ka cire ka mayar ya tashi aiki.

Na mayar da tsohuwar, ta tashi nan take. Na shiga shafin kamfanin madabod na nemo ainihin lambar nawa, don B450 kala-kala ne kuma BIOS ɗin wani ba ya hawa kan wani, na karanta bayanin da ke ƙarƙashin kowane fayil saboda wasu sai ka fara saka wani na tsakiya kafin ka je na ƙarshe. Filashin da za a saka fayil ɗin a ciki kuma sai an yi masa fomat irin na FAT32. Sabuntawar kanta 'yan mintuna ce, amma ban yarda na yi ta da wutar gari ba, sai da na jona a inbata, don idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa madabod ɗin zai iya zama gawa, sai dai a kai wa masu na'urar rubuta cif.

Da na sake ɗora 5600 ta ɗan jima sikirin yana baƙi, ta mutu ta sake kunna kanta, gabana ya faɗi, ashe ram take gwadawa, haka take yi a tashin farko. Sai ga rubutu fari ya fito wai an ga sabuwar furosesa, in danna Y a goge fTPM, wato ma'ajiyar mabuɗan tsaro da ke cikin furosesa, ko N a bar shi. Wannan wajen kar a yi gaggawa, duk wanda BitLocker, wato tsarin Windows na kulle faifai, yake kunne a kwamfutarsa kuma bai adana mabuɗin nan mai lamba 48 ba, ya danna Y to faifansa ya kulle. Nawa a kashe yake, na danna, abin da kawai ya biyo baya shi ne Windows ta ce in sake saita PIN. Sikirin ɗina na biyu da yake jone a HDMI ɗin madabod shi kuma ya ƙi kawowa, don 5600 ba ta da nata ɓangaren hoto irin na 2200G, sai da na mayar da shi jikin kati. Wanda ba shi da katin hoto kwata-kwata 5600G ya kamata ya nema, in ba haka ba BIOS sabo fil ma baƙin sikirin zai gani. Gudun ram ma ya sauka zuwa 2133, sai da na shiga BIOS na sake kunna XMP, saitin da yake ba ram cikakken gudunsa, ya dawo 3200.

Aikinta kam ba a magana. Bidiyon da a da nake sakin shi yana fita in tafi sallah in ci abinci in dawo in tarar bai gama ba, yanzu kafin in dawo daga masallaci ya kammala, 4K kuma yana tafiya sumul a manhajar haɗa bidiyo ta Premiere ko ina da Chrome a buɗe. B450 a PCIe 3.0 ya tsaya, wato hanyar da katin hoto yake bi ya yi magana da furosesa, duk da furosesar tana iya 4.0 mai sauri, amma da irin katina ban ga wani bambanci ba.

Abin da ban ji daɗinsa sosai ba fankar cikin kwali ce, Wraith Stealth. Tana yi dai, amma da rana tsaka a ɗakin da babu AC idan aiki ya yi nauyi zafin yana haura 80 tana ta kuka, ga ƙurar hunturu da take cika ta da wuri, ina ganin kafin bazara sai na sa mata babba. Furosesar na ba ta 9 cikin 10. Mai shagon kuwa da na koma na gaya masa abin da ya faru, cewa ya yi "ai na ɗauka ka sani Alaji", ya juya ya ci gaba da ciniki da wani.